Ƙofa mai sakata: gidajen wankan Amurka, daga samamen 'yan sanda zuwa ɓullar ƙanjamau

Da safiyar 25 ga Mayu 1977 gobara ta tashi a wani tsohon gini da ke Titi na 28 a Manhattan, cikin birnin New York. Mutum tara suka rasu. Ginin shi ne Everard, gidan wanka da wani attajiri mai kamfanin giya ya buɗe tun 1888. An toshe tagoginsa don kada na waje ya leƙo, cikinsa kuma an yayyanka shi ƙananan ɗakuna da falankin katako, kowane da katifarsa, ga shi an kafa bututun yayyafin kashe gobara amma ba a haɗa shi da ruwa ba. Da aka fito da gawawwaki sai wata matsala ta taso: gane su wane ne. Da yawa daga masu shiga gidan ba sunansu na gaskiya suke rubutawa a bakin ƙofa ba.

Me zai sa baligi mai aikin yi ya biya kuɗi ya kwana a tarkon wuta irin wannan, kuma da sunan aro? Amsar wannan tambaya ita ce tarihin gidajen wankan maza masu neman maza a Amurka, kuma ita ce ke bayyana rigimar da ta raba kan likitoci da majinyatansu bayan shekara bakwai, lokacin da ƙanjamau ta fara ɗibar mutane. Hukuncin wannan ɗabi'a a addini da al'adarmu sananne ne, ba shi na zauna tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda doka da kasuwa da cuta suka haɗu a wuri ɗaya, domin daga nan duniya ta fara sanin ciwon da daga baya ya shiga gidajenmu.

Kada mai karatu ya ɗauko hoton gidan wankan bakin tasha, inda ake biyan kuɗin bokitin ruwa a watsa a fito. Wannan wanka ne irin na Turkawa: ɗakin tururi kamar surace, ɗakin zafi, tafkin ninƙaya, masu tausa, da wurin kishingiɗa. A ƙarshen ƙarni na 19 gidajen hayar talakawa a New York yawancinsu ba su da wurin wanka, har jihar ta yi doka a 1895 ta tilasta wa manyan biranenta gina wa jama'a gidajen wanka. Masu kuɗi kuma suna da nasu na shaƙatawa. Maza zalla, ba tufafi, a buɗe dare da rana. Ba a daɗe ba wasu daga cikin gidajen suka yi suna da wata sana'ar ta daban, hukuma kuma ta sani. A Fabrairun 1903 'yan sanda suka kai samame gidan wankan otal ɗin Ariston, aka yanke wa wasu daga cikin waɗanda aka kama shekaru a gidan yari.

Abin da gidan wanka ke sayarwa a zahiri ƙofa ce mai sakata daga ciki. Kafin 1962 babu jiha ɗaya a Amurka da luwaɗi bai zama laifi a dokarta ba. Illinois ce ta fara soke dokar. A 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a umarnin da ya hana irin waɗannan mutane aikin gwamnatin tarayya, aka kori dubbai. Jaridun gari kan buga sunan wanda aka kama da adireshinsa, wani lokaci har da wurin aikinsa, kafin ma a je gaban alƙali. Saurayin da ya zo birni neman aiki yana zaune ne a ɗakin haya ƙarƙashin idon uwar gida mai lura da duk wanda ya hau bene. Wani yana gidan iyayensa, wani kuma magidanci ne da mata da 'ya'ya. A mashaya ɗan sanda cikin farin kaya kan zauna ya yi ta fara'a har mutum ya saki baki, sannan ya fito da ankwa. A lambun shaƙatawa kuwa akwai 'yan daba masu duka su ƙwace agogo, sun san wanda suka daka ba zai kai ƙara ba. Idan aka jera waɗannan, ginin da ba shi da taga ya fi ko'ina aminci. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yawan masu neman wannan mafaka, domin sojojin da aka sallama da takardar da ke tona asirinsu da yawa ba su iya komawa garuruwansu ba, sai suka yi zamansu a biranen bakin teku irin su San Francisco.

Mashayu kuwa suna hannun 'yan Mafiya, wato gungun masu aikata manyan laifuka. Hukumar lasisin giya ta New York tana ɗaukar taruwar irin waɗannan maza a matsayin rashin ɗa'a da zai iya jawo ƙwace lasisi, don haka ɗan kasuwa mai gudun rigima ba ya taɓa harkar. Wanda ya saba ba 'yan sanda na goro shi ya shiga. Mashayar Stonewall da ke Titin Christopher, wadda sunanta ya zagaye duniya saboda tarzomar 28 ga Yuni 1969, ta 'yan Mafiya ce. Ba ruwan famfo a bayan kantarta, a baho ɗaya ake ɗauraye kofuna har gari ya waye, giyar an sirka ta da ruwa kuma da tsada. Idan 'yan sanda na tafe sai a kunna farar fitila, masu rawa su rarrabu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da Turawa ke kira juyin juya-halin jima'i, wato sakin linzamin da aka yi daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980, ana yawan jingina shi ga ƙwayar hana ɗaukar ciki da aka amince da ita a Amurka a 1960. Ga waɗannan maza ƙwayar ba ta da wani amfani kai tsaye, sai dai ta raunana hujjar da ake kafa musu, tunda yanzu sauran jama'a ma sun raba kwanciya da haihuwa. Maganin da ya fi shafarsu shi ne fenisilin. Tun shekarun 1940 tunjere, wanda a da yake haukata mutum ya kashe shi, ya koma abin allura. Ciwon sanyi ma haka. Tsoron ciki ya kau, tsoron cuta ya kau, tsoron doka kuma ya fara sassautawa: a Disambar 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi daga jerin cututtukan tabin hankali, California ta soke dokarta a 1975, babbar kotun jihar New York ta rushe tata a 1980. Tsararraki guda suka tashi da yaƙinin cewa duk abin da aka kwaso da daddare, asibiti zai wanke shi da safe.

Kasuwa ta ga dama. Jack Campbell ya buɗe gidan wanka a Cleveland a 1965, ya mai da shi kamfani mai gomman rassa a Amurka da Kanada, da katin zama mamba da ke aiki a kowane reshe. Amma wanda ya canza fasalin harkar shi ne Steve Ostrow, da ya buɗe Continental a 1968 a ƙarƙashin otal ɗin Ansonia a New York. A bakin ƙofa mutum zai biya ta wata 'yar taga, ya zuba walat da agogo a akwatin ajiya, a miƙo masa farin tawul da makulli ɗaure da roba da zai saƙala a wuyan hannu. Mai ƙaramin ƙarfi ya kama loka, mai hali ya kama ɗaki. Daga nan sai ya gangara ya tarar da abin da ba a taɓa haɗawa da gidan wanka ba: filin rawa, tafki, wurin cin abinci, dandalin mawaƙa, har da ɗan asibitin gwajin cututtukan sanyi. Akwai masu shiga ranar Juma'a da yamma, ba su fito ba sai Litinin, daga nan su wuce ofis.

A wannan dandali mawaƙiya Bette Midler ta yi suna a farkon shekarun 1970, Barry Manilow na kaɗa mata fiyano, masu sauraro na zaune a ƙasa ɗaure da tawul. Labari ya bazu, sai manyan gari suka fara zuwa kallo da matansu cikin kwat da dogayen riguna. Wannan nasara ita ta ci gidan. Masu tawul suka ga an mai da su abin kallo kamar namun gidan zu, suka janye ƙafa. A 1977 wurin ya koma Plato's Retreat, kulob ɗin maza da mata masu musayar abokan kwana.

Kiɗan ya fi gidan daɗewa. Samari biyu baƙaƙen fata, Larry Levan da Frankie Knuckles, a Continental suka goge a sana'ar juya faifai. Levan ya koma gidan rawa na Paradise Garage, ya riƙe ta daga 1977 zuwa 1987. Knuckles ya tafi Chicago, wani kulob mai suna Warehouse, kuma daga sunan wurin aka samo sunan kiɗan house. Akwai dabara a tsarin waɗannan wurare, wadda David Mancuso ya fara a gidansa a 1970: ba a sayar da giya, kuma sai da gayyata ko katin mamba ake shiga. Wanda ba ya sayar da giya ba ya buƙatar lasisinta, hukumar lasisi ba ta da abin kama shi, ba kuma wanda zai ce ya rufe ƙarfe huɗu. Sai a yi ta rawa har hantsi, mai faifai kuma dole ya koyi ɗinke waƙa da waƙa ba tare da kiɗa ya yanke ba. Wannan house ɗin ne ya je Afirka ta Kudu ya yi 'ya'ya da jikoki, cikinsu har da amapiano da ke tashi a wayoyin samarinmu yau. Kaɗan ne cikinsu suka san ta inda kakan kiɗan ya bi.

Masu yabon wancan zamani suna cewa tawul ya daidaita kowa, ba a gane lauya da ɗan dako. Da gaskiya a ciki, amma rabinta. A ƙofar kulob da dama ana tambayar baƙar fata katin shaida biyu ko uku alhali Bature ya wuce da ɗaya. Tsoho, da mai ƙiba, da mai alamun mata, sukan ji an ce wuri ya cika. Tawul ya ɓoye albashi, ya fito da jiki, sai aka samu sabon ma'aunin daraja wanda bai fi na waje tausayi ba. Daga cikin gida ma akwai masu ƙorafi. Marubuci Larry Kramer ya fitar da labari a 1978 yana sukar rayuwar da ta koma ƙwaya da rawa da baƙuwar fuska kowane dare, aka yi masa ca, wasu abokansa suka daina gaishe shi.

Likitocin da ke duba waɗannan maza sun riga kowa ganin hadari na haɗuwa. Tunjere da ciwon sanyi da cututtukan hanji sun yi yawa, ciwon hanta nau'in B kuma ya zama ruwan dare a tsakaninsu. Wannan ne ya sa Wolf Szmuness na cibiyar jini ta New York ya zaɓe su don gwajin rigakafin ciwon hantar a 1978. Maza 1,083 suka ba da kansu, gwaji ya yi kyau, aka amince da allurar a 1981. Rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariranmu yanzu sabon samfuri ne, amma a jikin waɗancan aka fara tabbatar da cewa abin yana aiki. A San Francisco ma asibitin cututtukan sanyi na birnin ya ɗebi jinin dubban maza don binciken ciwon hanta, ya adana a firiza. Ba wanda ya san abin da aka adana tare da shi.

Shekarar 1981 ta zo da abu biyu, wata huɗu tsakaninsu, kuma sai an riƙe su tare za a fahimci abin da ya biyo baya. Ranar 5 ga Fabrairu 'yan sandan Toronto a Kanada suka fasa gidajen wanka huɗu a dare ɗaya, da guduma da ƙarfen ɓalle ƙofa, suka kama kusan mutum 300. Washegari dubbai suka fito zanga-zanga. Ranar 5 ga Yuni hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton samari biyar a Los Angeles da wani ciwon huhu da ba ya kama mai lafiyayyen jiki. Wato a daidai lokacin da likita ya zo da mugun labari, ƙarar gudumar ɗan sanda ba ta bar kunnuwan mutane ba.

Dalilin da ya sa gidan wanka ya zama matsala ga masana annoba lissafi ne. Ƙwayar HIV ta fi yawa a jinin mutum a makonnin farko bayan ya kamu, lokacin da bai san komai ba, sannan ta yi lamo kusan shekara goma kafin ta kwantar da shi. Mai abokin kwana ɗaya a shekara, makonnin nan za su wuce a kan mutum ɗaya. Wurin da ke ba mutum damar haɗuwa da mutane da yawa a dare guda, waɗanda su ma gobe za su haɗu da wasu, ya zama kamar mahaɗar hanyoyi. Da aka samu na'urar gwaji aka koma kan jinin nan na firiza, sai aka ga ƙasa da kashi 5 cikin 100 na samfurin 1978 ke ɗauke da ƙwayar. Zuwa 1984, a cikin wannan rukuni, abin ya kai kusan biyu cikin uku. Rukunin masu zuwa asibitin sanyi ne, ba dukkan mazan birnin ba, amma saurin hawan ya isa ya tayar da hankali.

A San Francisco aka yi karon battar. Magajiyar gari Dianne Feinstein tana son a rufe. Daraktan lafiya Mervyn Silverman ya yi ta jan ƙafa, don ya san in ya rufe da ƙarfi zai rasa amincewar mutanen da yake buƙatar su saurare shi. Da aka kira taron manema labarai a Maris 1984, sai ga maza ɗaure da tawul riƙe da kwalaye, ɗaya na cewa yau gidan wanka, gobe ɗakin kwananka. Hujjarsu ita ce gini ba ya yaɗa cuta, abin da ake yi ne ke yaɗa ta, kuma in an rufe mutane za su koma lambu da lungu inda ba mai miƙa musu kwaroron roba ko takardar faɗakarwa. Ɗaya ɓangaren, wanda shi ma akwai masu neman maza da likitocinsu a ciki, ya ce ana ta muhawara ana ta jana'iza. Ranar 9 ga Oktoba 1984 Silverman ya ba da umarnin rufe wurare 14, yana cewa cuta da mutuwa suke haɓakawa, ba 'yanci ba. Wasu suka sake buɗewa cikin sa'o'i. A Nuwamba alƙali ya yi hukuncin raba-gardama: a buɗe, amma a cire ƙofofin ɗakuna, a sa masu zagayawa suna sa ido. An cire abin da ake sayarwa ke nan. Zuwa 1987 na ƙarshensu a birnin ya rufe.

New York ta bi sahu a ƙarshen 1985. Aka rufe kulob ɗin Mineshaft, aka rufe Plato's Retreat, a Disamba kuma aka garƙame gidan wankan New St. Marks na Bruce Mailman, wanda a lokacin yake raba kwaroron roba a bakin ƙofa, har rajistar masu zaɓe an taɓa yi a cikinsa.

A ganina kowane ɓangare yana da abin da ba ya son a tuna masa. Rufewar 1984 ta zo kamar ihu bayan hari: ƙididdigar da aka yi daga baya ta nuna sabbin kamuwa a San Francisco sun kai ƙololuwa tun wajen 1982, sun fara sauka kafin a taɓa ƙofa ko ɗaya, saboda mutane sun ga abokansu na ƙanjamewa sun canza hali. Faɗakarwar farko mai amfani ma ba daga gwamnati ta fito ba. Richard Berkowitz da Michael Callen, da taimakon likitansu Joseph Sonnabend, su suka buga ɗan littafi a 1983 suna ba maza shawarar amfani da kwaroron roba, alhali Shugaba Reagan bai ambaci sunan cutar a bainar jama'a ba sai Satumbar 1985. Amma masu gidajen wanka da suka ƙi ko manna takardar gargaɗi a 1982 da 1983, suna fakewa da kalmar 'yanci, cinikinsu suke karewa. Shekara biyun nan su ne lokacin da gargaɗi zai fi ceton rai.

Su kuma masu kwalaye ba shirme suke ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara tamanin hukuma ɗaya ce ke zuwa ƙofar nan, kullum da sunan kare lafiyar al'umma da tarbiyyarta, kullum kuma a ƙare da sunan mutum a jarida. Da ta zo da gaskiya a karon farko, ba ta da sauran jarin amana da za ta ci. Ita ma ba ta taimaki kanta ba, domin 'yan leƙen asiri ta tura cikin gidajen su rubuto abin da suka gani. Maganar ɗakin kwana kuwa ba ta yi shekara uku ba ta tabbata: a 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan dokar jihar Georgia a shari'ar Michael Hardwick, mutumin da ɗan sanda ya kama a cikin ɗakin kwanansa. Sai 2003 kotun ta janye wannan hukunci.

Gidajen da suka tsira a wasu birane sun koma wuraren gwajin jini da rabon kwaroron roba, ma'aikatan lafiya na kafa tebur kusa da lokoki. Abin da ya rage musu kasuwa daga baya ba alƙali ba ne. Mutane sun samu ɗakunan kansu da ba mai tuhumarsu, intanet ta zo, manhajar Grindr ta fito a 2009 ta mai da wayar aljihu wurin haɗuwa. A 2020 majalisar birnin San Francisco ta umarci hukumar lafiya ta soke sharuɗɗan nan na 1984, ta halatta ɗaki mai ƙofa da sakata, shekara 36 bayan an ɓalle su.